Fallen Silin Da Ya Tafi Kahu

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan, don ilimina bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron in faɗi abu ba daidai ba. Amma ku matasan kafintoci ya kamata ku ji.

Har yau ina ganin ranar da muka sauke silin wani tsohon ɗakin shan magani a Lausu, a farkon dawowar mulkin farar hula. Silin na asbestos ne, wato falle mai kama da siminti, wuta ba ta cinsa, gara ba ta taɓa shi. A al'adar aikinmu, abin da aka cire daga tsohon gini na maƙwabta ne, tunda su ke ba mu ruwa da inuwa. Kafin la'asar an kwashe kusan komai.

Ana nan sai Malam Habu duba-gari, mai kula da tsaftar gari, ya iso daga Rano. Ya tarar da ni ina yanka wani falle da zarto, gemuna fari fat da ƙura.

Ya ce, "Malam Ado, ajiye zarton nan." Ya yi mini bayani cewa in fallen yana zaune lafiya da sauƙi, amma in an yanka ko an kankare, ƙurarsa na maƙalewa a huhu, kuma ciwon sai bayan shekaru yake fitowa. Sai ya tambaya, "Ina sauran?"

Na ce, "Suna gidajen mutane."

Abokan aiki suka yi ta dariya. Ɗaya ya ce, "Shi ke nan, an ba Sarkin Wasu-wasi abin yi." Haka suke kirana, don ko ƙusa na buga sai na dawo na duba.

Muka je wurin mai unguwa, liman ya yi sanarwa bayan sallar Juma'a. Dattawa suka amince ba za a sake sa asbestos a ginin gayya ba, kuma a dawo da wanda aka ɗauka, a jiƙa da ruwa, a binne. Ni na bi gida-gida da amalanke.

Goggo Dije ce ta ƙi. Na same ta ta shanya garin dawa a kan nata, tana kankarewa da mara, jikokinta na zaune a gefe.

Ta ce, "Kai Ado, shekara nawa muna karɓar magani a ƙarƙashinsa, sai yau da ya shigo gidana ya zama guba?"

Na ce, "Goggo, can ba a kankare shi."

"To a me zan shanya garin? A gemunka?"

Ban ga laifinta ba. Tsohuwa ce, gara ta cinye mata tabarmar shanya. Na kawo mata sabon kwanon rufi, na lanƙwashe bakinsa don kada ya yanke ta. Ta juya shi ta duba, sannan ta ce, "Ɗauki silin ɗin naka. Amma biyu na ɗauko, ɗayan Ladi ta tafi da shi Kahu, za ta riƙa shanya a kai."

Ladi 'yarta ce. Ruwa ya tare hanya, sai da damina ta ja baya na hau keke na je Kahu. Aka ce mijinta ya tashi da iyalinsa, wasu suka ce Zurgu, wasu suka ce kudu. Na je Zurgu, ba wanda ya san su. Goggo Dije ta rasu ba ta sake jin ɗuriyarsu ba.

Abin da na koya, mutanenmu ba taurin kai gare su ba. Ba su da abin zubarwa ne, sai ka miƙa musu madadi. Ku kuma, kafin ku raba tsohon silin, ku tambayi abin da aka yi shi da shi.

Roƙona ga mai karatu: in ka san wata Ladi 'yar Lausu da ta taɓa zama a Kahu, don Allah ka duba abin da take shanya gari a kai. Kada ta fasa shi, kada ta kankare. Ta jiƙa shi, ta binne. Kwanon da na tanadar mata a madadinsa yana wurina.