Tarar da Baba Ya Ƙi Biya

Wata Juma'a ce a farkon damina, shekarar da na cika goma sha ɗaya. Baba ya ɗauro buhun gero a babur daga ƙauyenmu kusa da Bilbis zai kai Tsafe, ni ina zaune bisa tanki. Muna hawa kwalta wani jami'in hanya ya tsare mu, ya ce fitilar baya ta mutu. Baba ya taka birki, fitila ta kawo ja a gaban kowa. Duk da haka mutumin ya rubuta takardar tara, ya ce ko a biya, ko a haɗu a kotu a Gusau.

Kawu Lawal, yayan Inna, ya ce a biya a huta, abin da bai wuce kuɗin zakara biyu ba. Baba ya girgiza kai. "In na biya, na amsa laifin da ban yi ba ke nan."

Lokacin noman farko ne, kuma a garinmu gayya ake yi: yau gonar wannan, gobe ta wancan, wanda ya je wa mutane shi ake zo wa. Sau huɗu Baba yana tafiya Gusau bayan asuba, ya wuni bisa benci, a ɗage shari'ar. Uku daga ciki sun faɗa ranar gayyar maƙwabta. Da tamu ta zo, Inna ta dama fura ƙwarya biyar, ta tuƙa tuwon mutum ashirin. Mutum uku suka zo. Muka tsaya bakin gona muna kallon hanya har rana ta take. Ni da Inna muka yi ta fama da fartanya kwana da kwanaki, hannuna ya yi kanta, amma ciyawa ta riga ta shaƙe geron.

Jami'in bai taɓa zuwa kotu ba. A zama na biyar aka sallami Baba, ba wanda ya ce masa shi ne mai gaskiya. Rumbunmu ya ƙare tun kafin bazara, aka sayar da babur muka sayi dawa. Baba bai taɓa cewa ya yi nadama ba.

Yanzu kabu-kabu nake yi a Gusau, da yamma ina zuwa ajin yaƙi da jahilci. Ina iya karanta takardar tara da kaina, in ga inda aka zalunce ni, sannan in biya in wuce. Ba a kwana da yunwa a gidana. Amma in na tuna Baba, kunya nake ji.