Tukunyar wankan jego a Ras Al Khor

Salamu alaikum 'yan uwa, tukunyata ta dawo, kuma ba wanda ya nemo ta!

Kun san babbar tukunyar dalma da na yo kago daga Kano don wankan jegon 'yata Hafsa. Shekaranjiya na wanke ta, na kife a bakin ƙofa ta bushe, wani ya ɗauke. Tun ranar da 'yar butar lantarki nake dafa ruwa. Kafin na biyu ya tafasa na farko ya huce, mai jego tana kukan ciwon jiki.

Yau mijinta zai kai mataccen firji wurin masu sayen tsoffin ƙarafa a Ras Al Khor. Ya ce, "Mama, zo mu je, ko ma dace da wata."

Muna shiga na hango ta a kan sikeli. Na ce a hankali, "Waccan tawa ce."

Mai wurin, wani Bafakistane, ya ce yaya aka yi na sani? Na ce ya juya gindinta, akwai facin maƙeri guda biyu. Ya juya, ya kwashe da dariya.

Wai jiya wani ya kawo ta yana son kuɗi a hannu. Shi kuma ya ce masa doka ta hana, sai da katin shaida, kuɗin kuma ta banki. Mutumin ya ce bari ya ɗauko katin a mota. Har yanzu yana ɗaukowa.

Mai wurin ya ce, "Yalla Mama, ɗauki kayanki, khalas, shi ke nan."

Ga ta can a kan wuta. Hafsa ta fara roƙo wai in sirka ruwan. Ba zan sirka ba.