Keken da Injiniya Ya Haɗa wa Autarsa

Shekara talatin Injiniya ya yi a shagonsa yana gyaran rediyo da fanka da dutsen guga. Bai yi karatun aikin ba. Masu kawo gyara ne suka laƙaba masa sunan, shi kuma bai musa ba. Duk abin da ya kwance sau ɗaya, ya san cikinsa ke nan.

Autarsa tana da shekara sha tara mota ta buge ta, lakar bayanta ta taɓu. Daga ƙugu zuwa ƙasa ba motsi, ba ji. A asibiti ya fara ganin wani keken motsa ƙafa. An ɗaure mata ƙafafu a feda, an manna mata wayoyi a cinya, wutar lantarki 'yar kaɗan tana sa naman ya motsa, ƙafafun suna juyawa. Ma'aikaciyar ba ta ɓoye masa ba: tafiya kam babu, amma ƙafafun ba za su ƙanjame ba. Sai dai keken ɗaya ne, layi kuwa sai bayan mako uku.

Cikin kwana tara ya haɗa nasa a gida, da tsohon keke da batir da abin murɗa sautin rediyo.

"Baba, in ka mayar da ni fanka, a ɗakina za a kafa ni," in ji Auta.

"Rufe mana baki, sarkin surutu. In kin ji zafi ki faɗa."

Kullum haka yake cewa, kullum ita kuma sai ta ce ba ta ji komai ba. Sai ya ƙara murɗawa, don ƙafafun karkarwa kawai suke yi, sun ƙi juya feda.

Rana ta shida da hantsi uwar ta shigo da wanki, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Malam, me ke ƙauri?"

Ya sunsuna batir, ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Lafiya lau. Auta tana ta ba da labarin wata ƙawarta tana dariya. Uwar ce ta durƙusa ta ɓamɓare abin da ke manne a cinyar. Fata ta biyo shi. Wurin ya yi fari fat, faɗin bakin kofi.

Dariyar ta tsaya. Injiniya ya naɗe wandonsa, ya manna wayoyin a tasa cinyar, bai rage wutar ba, ya kunna. Sai ga shi a ƙasa, kujera a kife, ya ciji harshe har jini.

Auta ta leƙo shi daga kan keken.

"Baba, da zafi haka?"

Ya kasa ɗago kai.

Wata biyar ƙunar ta yi kafin ta rufe, kuma duk tsawon lokacin ba a bari ta hau keken asibiti ba. Shi yake wanke mata ciwon safe da yamma, ƙafafun suna ƙara sirancewa a hannunsa.