Ranar da Kalangu Ya Kira Yayana

A Dakoro, in kana son sanin darajar mai ekip, wato ƙungiyar ƙwallo, kada ka wahalar da kanka da tambaya, ka saurari kalangu. Ekip ɗinmu ta unguwar mahauta ce tun asali, kuma muna da wani tsoho makaɗi da ba ya fashin wasa. Duk wanda ya riƙe ekip ɗin da amana, tsohon nan yakan yi mishi take, wato ɗan kiɗan da in ya tashi kowa ya san da wa ake. Wanda bai kwanta mishi a rai ba kuwa, ko zai ƙarar da dukiyarshi, kalangu bai san da zamanshi ba.

To, sai ga Yayana ya karɓi ekip ɗin. Fataucin shanu yake yi zuwa kudu, Allah ya buɗa mishi, ya dawo gida da zafinshi. Ni tela ne, kuma tun ina yawo ba wando nake bin ekip ɗin nan ina ihu har muryata ta dushe. Ranar da na ji labari, wallahi tuwo ma kasa ci na yi don murna.

Kuma a faɗi gaskiya, ya yi aiki. Ya sayo riguna da takalma, ya ɗauko wani mai tsaron gida daga Ɗan Gulbi, hannunshi kamar faifai. Mu da muka saba shan kashi muka fara ci. Sai dai ya kewaye filin da zana, ya sa tike, wato tikitin shiga, a ƙofa, shi kuma ya riƙa kallon wasa daga cikin motarshi, gilashi a rufe.

A fadarmu ta shan shayi kullum shari'arshi ake yi, a gabana, ba kunya. Wani ya ce ai tunda ana ci, magana ta ƙare. Wani mahauci ya taso mishi: "Cin da ban gani da idona ba, ina ruwana da shi? Da ana lallasa mu, amma har matata da ɗiyanta suna kallo!" Wani kuma ya ce mai ekip ɗin da ƙurar fili ba ta taɓa hularshi ba, ai baƙo ne. Ni dai in cika in batse.

Abin yana cin Yayana, ko da ba ya faɗi. Wata rana ya zo shagona ya tsaya yana jujjuya almakashi.

"Wai tsohon nan me na yi mishi? An kusa gama wasannin bana, ban ji takena ba."

Ya aike ni wurin tsohon. Na je na durƙusa na ce, "Baba, Yaya yana gaishe ka." Tsoho yana gyaran tsarkiyar kalangu, ko ɗaga kai bai yi ba.

"Ina amsawa. Ka ce mishi kalangu ba ya kiran wanda ke bayan gilashi. Ba zai ji ba."

Na kai saƙon yadda yake. Yayana ya yi tsaki, ya ja mota.

Ranar da ƴan Sabon Maci suka zo mana, mutanen unguwa suka haɗa baki ba wanda zai yanki tike. Suka zauna a bayan zana, tsoho a tsakiyarsu, kalangu a cinya, shiru. Ni na shiga, don jini ba wasa ba ne, amma raina a jagule. Gefenmu na filin fayau, har kana jin numfashin ƴan wasa. Su kuwa baƙin sun zo da mota cike da mutane, suna ta yi mana ature. Kafin a je hutu suka zura mana ɗaya. Yaranmu suka dawo kamar kajin da ruwa ya doka.

Sai na ga ƙofar mota ta buɗe. Yayana ya fito, ya naɗe hannun babbar riga, ya nufi zana. Na ɗauka faɗa zai yi, na bi shi a guje ina cewa, "Yaya, don Allah!" Ina! Kama zanar ya yi da hannu biyu ya fizge, har turke ya biyo ta.

"Ku shigo! Kai, ku shigo mana, ana cin mu!"

Wayyo, zo ka ga mutane! Mahauta, ƴan kabu-kabu, mata da goyo, masu tallar ƙanƙara, kowa ya danno. Ihu ya tashi har ƙasa na rawa. Yaranmu suka farka kamar an watsa musu barkono. Muka rama, wani yaronmu ya sa ƙwallo da ka. Ana dab da tashi, ɗan gabanmu ya yanke mutum biyu ya ɗaɗa ta a raga. Ni ban san sanda na rungume mahaucin nan da muke gaba da shi a fada ba.

Yayana kuwa, mai shanu, mai mota, mutumin da ko dariya sai ya ga dama, sai ga shi a tsakiyar fili yana gudu, hula ta faɗi, takalmi ɗaya ya yi nashi wuri. A nan ne kalangu ya tashi. Kiɗan sabo ne, ba mu taɓa jin shi ba, amma kafin a maimaita sau biyu mahauta sun gane abin da yake faɗi, suka ɗauka da baki: "Takalmi ɗaya, mai ƙwallo! Takalmi ɗaya, ya buɗe ƙofa!"

Na ce shi ke nan, tsoho ya yi mishi tsiya a bainar jama'a, kuma take in ya kama mutum har kabari. Na tsinto takalmin na ruga wurinshi. Na tarar da shi tsaye, ƙafa ɗaya cikin rairayi mai zafi, hawaye na bin gemunshi.

"Ka ji?" ya ce mini. "Ni ake kira."

Na miƙa mishi takalmin. Ya ture hannuna.

"Kai, bari sai ya gama."