Baba Tambayi-Mota Zai Rataye Tiyo

Kafin rana ta gama fitowa za ka same shi a gidan man nan na bakin titi, ya share gabansa fes, ya goge gilashin mita da tsumma. Famfo biyu ne a hannunsa, ɗaya na fetur gama-gari, ɗaya na mai tsada. Idan mota ta tsaya, ba ya ɗaga tiyo sai ya buɗe murfin tanki, ya sunkuya ya duba lambar man da masu ƙera motar suka liƙa a ciki. "Bari mu tambayi mota," in ji shi. Sunan ya bi shi ke nan, har jikokinsa haka suke kiransa. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, kuma bai kamata ya tafi shiru ba.

Wani direban tasi ya taɓa ce masa, "Baba, yau a ba tsohuwar nan mai tsadan, ita ma ta ji daɗi."

"Ɗana, wannan ko zuma ka ɗura mata ba za ta ƙara gudu ba. Gama-gari ne abincinta."

Ita kuwa wata 'yar kasuwa mai jar motar tsere, gardama ta zo da ita. "Haba Baba, mai ai mai ne!"

"Ga masu tasi haka ne, 'yata. Injin naki yana matse mai sosai kafin ya ƙone shi. Gama-gari ba ya jure matsin, sai ya kama da wuri, ki ji inji yana ƙwanƙwasa, motar ta rage ƙarfi don ta ceci kanta. Kin sayi ingarma, za ki dabaibaye shi?"

Ta yarda da ƙyar. Da ta dawo kuwa, bakinta har kunne.

Kai ne, Baba, mai hana wani saye ka sa wani ya saya, kuma dukansu su tafi suna sa maka albarka.

Ana haka aka kawo sabon manaja, mai rawar kai. Ya tara ma'aikata ya ce duk motar da ta shigo a ce wa mai ita mai tsada yana ƙara wa kowane inji rai. Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, bakina bai iya ba." Nan take aka karɓe tiyo aka miƙa masa tsintsiya, aka ce in bai sauya ba kora ce, ba kuma haƙƙin sallama. Matarsa ta ce, "Baban yara, saura ƙiris fa ka gama. Magana ɗaya ce." Ya ji tsoro ƙwarai, don ba shi da wata madogara bayan wannan aikin. Amma gari na wayewa ya je ya ɗauki tsintsiyarsa.

Direban tasin nan ne ya gan shi yana shara, kuma kun san bakin masu tasi ba ya ajiye magana. Washegari layi ya miƙe har titi: tasi, motocin gida, da motocin tseren da in sun wuce sai ƙirjinka ya amsa. Kowa ya kashe inji, ya buɗe murfin tanki, ya harɗe hannu. Jar motar ce a gaba. Manaja ya rugo yana washe haƙora.

"Ranki ya daɗe, mai tsada za a zuba ko?"

"Ina na sani, manaja? A kira mai tambayar mota."

Manaja ya dubi layin. Da hannunsa ya karɓi tsintsiya, ya miƙa wa dattijon tiyo. Wuri ya kaure da hon da shewa. Shi kuwa Baba, da ya san motar nan kamar yunwar cikinsa, sai da ya sunkuya ya duba murfin tukuna, idanunsa cike da hawaye.

Mun gode, Baba, mai gaskiya ɗaya a gaban famfo biyu. Allah ya sa ka huta lafiya, ka ci haƙƙinka da ka kusa rasawa saboda mu. Ku kuma da za ku gaji tiyon nan, ba wata baiwa ya tafi da ita ba, lambar tana nan a cikin kowane murfi. Ku dai ku yarda ku sunkuya.