Katako Goma Sha Tara Tsakanin Noelene da Neville

Taku nawa ne tsakaninka da abin da ka fi tsoro a cikin gidanka? Ka taɓa aunawa? Ni na auna wa maƙwabciyata Noelene Prosser nata: katako goma sha tara na daɓen falonta, daga bakin ƙofa zuwa bangon da agogo yake rataye.

Noelene shekarunta sittin da takwas. A gonar rake aka haife ta, bayan garin Childers, ita ce ta huɗu cikin 'ya'ya shida. Shekara talatin da huɗu ta yi tana kwaɓa fulawa a gidan burodi, hannunta har yau kamar na maƙeri. Ambaliya biyu ta shiga gidanta, duka biyun ita ta kwashe laka da shebur. Da idona na ga ta ɗago maciji da sandar tsintsiya daga akurkin kajinta, ta wurga shi bayan shinge, ta dawo ta tarar da shayinta bai huce ba. Amma gizo-gizo? Ko hotonsa ta gani a jarida sai ta kife shafin.

Tana da shekara bakwai abin ya fara. Ta shiga ban-ɗakin da ke bayan gidansu, ta ga wani ƙaton gizo-gizo a ƙasa, ta cire silifa ta maka masa. Ashe mace ce mai goyo, irin wadda ke yawo da 'ya'yanta a baya. Uwa ta mutu, 'ya'ya suka watse, suka hau ƙafafunta.

"Sun kai dubu," in ji ta.

Na ce, "Yaya Noelene, ɗari da 'yan kai suke yi."

"Uwar lissafi. Da kina wurin ai sai ki durƙusa ki ƙirga."

Shekara arba'in da ɗaya mijinta Athol ne maganin abin. Akwai wata murya da take kiran sunansa da ita, ko yana ƙarƙashin mota sai ya fito da tsohuwar robar ayis-kirim da ɗan kwali, ya kife, ya zura kwalin, ya kai waje. Athol ya rasu a watan Mayu. Sanyi, wanda a ƙasar nan tamu a tsakiyar shekara ake yinsa, ya wuce lafiya. Da zafin Nuwamba ya shigo, hadari ya fara haɗuwa, sai irin gizo-gizon da muke kira mafarauta suka soma shiga gidaje kamar kullum: manyan nan masu faɗin tafin hannu, da ba sa saƙa, kyankyasai suke bi a guje.

Ɗaya ya bayyana saman labulen falonta. Ta hau kujera da gwangwanin maganin feshi ta juye masa. Kowa a nan ya san mafarauci ba ya mutuwa nan take in an fesa masa, haukacewa yake. Ya saki bango ya yo kanta. Ta yi baya, kujera ta bi ta, wuyan hannunta na hagu ya karye. Wancan ya mutu bayan firji. Kwana biyar tsakani wani ya maye gurbinsa, a bayan agogo.

Daga nan ta fara rufe ɗakuna. Falo, sai ɗakin kwananta da ke jikinsa, sai ɗakin ɗinki. Gida mai ɗaki shida, wanda Athol ya kafa da hannunsa, ta koma rayuwa a biyu: kicin da baranda. Ba ta zama wuri ɗaya. Ta kakkaɓe takalmi, ta kakkaɓe tawul, ta leƙa bayan kalanda, ta dawo ta sake kakkaɓe takalmin.

'Yarta Kerryn ta taso daga Brisbane, tafiyar awa huɗu, ta ga katifa a kicin. Ina tsaye aka yi maganar.

"Mama, na samo miki ɗaki kusa da ni, hawa na tara. Ko sauro ba ya kaiwa can."

"Kajina fa? A lif zan kiwata su?"

"Ba wasa nake ba. Sati shida a cire miki filasta. Ranar zan dawo. In na tarar kina kwana gefen murhu, kaya za mu ɗaure."

Sati shida, kwana arba'in da biyu. Ni zan iya fitar da gizo-gizon cikin daƙiƙa arba'in, amma wani zai zo, kuma kwana biyar a mako ina wurin aiki. Sai na zo da alli na rubuta lamba a kan kowane katako na falon, don ta riƙa matsawa kusa da shi. Katako ɗaya duk kwana biyu, tsayuwar minti biyu, safe da yamma. Kwana talatin da takwas ke nan, har da rarar huɗu.

"Farko ki raɗa masa suna," na ce. "Kowa na yi. Wadda ke ban-ɗakina Beryl na sa mata."

Ta leƙa ta tsagar ƙofa, ƙafafu uku sun fito daga bayan agogo. "Neville," ta ce. "Manajanmu na gidan burodi. Dogayen ƙafafu, ba ya magana, sai ki juya ki gan shi a bayanki."

A katako na ɗaya gumi ya jiƙa mata riga kafin minti guda. A na huɗu ta fara zaginsa. A na bakwai ta lura yana wanke ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya, ta ce ya fi Neville na ainihi tsabta. A na takwas ya motsa ɗan kaɗan, sai na tsince ta a gindin mangwaro, matakala goma sha uku ta sauka ban ga lokacin ba. Muka sake takwas ɗin sau uku.

Rana ta ashirin da biyar muna kan na goma sha ɗaya, Neville ya ɓace. Na ɗaga agogo, babu. Ashe wanda ba a gani ya fi wanda ake gani tayar da hankali. Kwana uku ta ƙi taka falon. Ta zazzage akwatin safa, ta juye tukwane, ta daina buɗe makarin rana na motarta, ta gwammace ta yi tuƙi tana ƙanƙance ido. Lissafina ya wargaje. Gizo-gizo bai san jadawali ba.

A rana ta huɗu ta kwaɗa mini kira ta kan shinge. "Desma! Zo ki gani, ya mutu!"

Na je. Ga shi a bayan labule, a bushe, ƙafafu takwas a tattare. Na ɗaga, ba nauyi ko kaɗan, bayan a tsage.

"Yaya, ba gawa ba ce. Riga ya sake."

"Ma'ana?"

"Ta yi masa kaɗan."

Ta zauna a ƙasa daɓas. "Wato ni ina ramewa, shi yana ƙiba."

Amma rigar nan ta yi mana rana. Na manna ta a bangon kicin, na ɗauko robar Athol daga saman kabad, na yanko kwalin kalanda. Kife, zura, juya. Da hannu ɗaya da rabi ta yi ta maimaitawa, sau sittin da biyu cikin mako guda. Kwana biyu bayan nan Neville ya dawo bayan agogonsa, fes, kuma ya ƙara faɗi.

Ranar da Kerryn ta iso, a katako na goma sha biyar muke. Saura huɗu. Ta zo da kwalaye goma sha biyu a bayan mota. Noelene ta mayar da katifa ɗaki tun safe, ta jera shayi da biskit a falo, tana dariyar da ba ta kai ciki ba, idonta na kan bango. Kerryn kuwa ta je ta zauna daidai ƙarƙashin agogo.

Hadari ya taso da la'asar, iska ta buga taga. Neville ya fito gaba ɗayansa, ya tsaya kamu ɗaya saman kan Kerryn.

"Kerryn, 'yata, taso a hankali."

Kerryn ta waiga, ta ƙwalla ƙara, ta fizgo mujalla ta naɗe.

"Ajiye! Bangon ubanki ne za ki ɓata mini?"

Ban miƙa mata robar ba, ita ta ɗauka. Katako huɗun nan ta taka su leɓɓanta na motsi. Kifawar farko ta kuskure, ya zabura gefe, mu uku muka yi ihu tare. Ba ta gudu ba. Ta biyu ta rufe shi. Ana jin ƙafafunsa na karta robar daga ciki. Kwalin ya ƙi shiga sai a karo na uku.

"Buɗe mini ƙofa, kin tsaya kamar turke!"

Ta sauka, ta tsallake tsakar gida, ta ajiye robar kan tarin itace, ta ture kwalin da sanda, ta dawo da sauri kamar ana bin ta. A matakalar ƙasa ta zauna. Ruwa ya fara sauka.

Kerryn ta daɗe tana kallonta. "Mama, har yanzu kina tsoro."

"Kamar raina zai fita. To, sai me?"

Kwalayen nan ba a sauke su ba. Kerryn ta koma da su washegari, ta ce za ta sake leƙowa da bikin Ista, kuma a daina hawa kujera. Daga ranar zuwa yau Noelene ta fitar da bakwai. Biyu sun kufce mata, ɗaya ta bar shi a ɗakin wanki saboda kyankyasai, amma ba ta shiga sai ta yi gyaran murya.

In naka yana bango yanzu, kuma ka tabbata ba mai mugun dafi ba ne, kada ka nemi takalmi. Tsaya inda ƙafarka ta yarda ta tsaya, ka dube shi minti biyu, gobe ka ƙara taku ɗaya. Don Allah gwada, ko na mako guda ne.