Alkawarin Kabtin Mukhtaru

Duk wanda ya san unguwar Mansur a Makka ya san Mukhtaru Isa, ko don tsayinsa ma, don sai ya sunkuya yake shiga shagon aski. Kakansa ne ya zo aikin hajji daga Kano ya zauna, ubansa kuma ya tuƙa tasi a unguwar Hindawiyya har ƙarfinsa ya ƙare. Shi Mukhtaru ba shi da hannun ciniki ko na sitiyari, ƙwallon kwando ce rabonsa. Ya buga har gwiwa ta gaza, sannan wata kwalejin koyon sana'a a Makka ta ɗauke shi koci. Shekara goma sha ɗaya ya yi a can, kowa na ce masa Kabtin.

Rabin samarinsa jikokin Hausawa ne, amma Larabci ya cinye musu baki, Hausarsu ba ta wuce "zo ka ci" da "kawo ruwa" ba. Sai Mukhtaru ya raɗa wa kowace dabarar wasa sunan abinci. In ya daka tsawa ya ce "Tuwo!", a jefa wa dogon da ke ƙarƙashin kwando. In ya ce "Yaji!", a matse abokan karawa tun daga gidansu. "Kunu" kuwa ta ranar wuya ce: kowa ya ruga dama kamar can ƙwallo za ta, sai a zura wa Nu'uman shi kaɗai a kusurwar hagu. Abokan karawa sai zare ido, ba su san me ake dafawa ba.

Daga sunan abinci aka koma hira. Nu'uman ɗin nan, ɗan mai tsiren bakin titi, da ko gaisuwa sai ya yi in'ina, amma ya zama ba ya yi wa Kabtin magana sai da Hausa. Tsofaffin unguwa suka riƙa sa wa Mukhtaru albarka. Uwarsa, Inna Shatu, takan ce, "Kai dai ba ka tara komai ba, amma ka dawo mana da bakin yaranmu." Wannan maganar ta fi masa kowane kofi daɗi.

Saura mako uku a fara gasar ƙarshen kaka, wata babbar kwaleji a Jidda ta kori kocinta, ta aiko masa. Ɗakin wasa mai sanyi, ofis da sunansa a ƙofa. Wa zai ƙi? Ni dai ban ga laifinsa a nan ba. Ya tara samarin bayan la'asar, ya nemi gafararsu, ya damƙa su a hannun mataimakinsa Munzali. Munzali mutum ne mai hangen nesa, nan take ya ce sai an sake sunayen dabarun duka.

"Haba Munzali!" in ji Mukhtaru, har da dafa ƙirji. "Waɗannan kalmomin na gidanmu ne. Wallahi ba zan kai su Jidda ba."

Nu'uman ne ya miƙe ya ce, "Kabtin ya rantse. A bar mana tuwonmu." Aka yi dariya, aka bar su yadda suke.

To, sai ƙuri'a ta haɗa sabuwar kwalejinsa da tsohuwar a wasan kusa da na ƙarshe, a can Jidda. Mutanen Mansur suka cika bas biyu suka zo, har da baban Nu'uman da bai taɓa rufe tukubarsa don wasa ba. A gaskiya Mukhtaru ya yi ƙoƙari. Munzali na ihun "Tuwo!", yana ihun "Yaji!", shi kuwa ya harɗe hannu ya kawar da kai kamar bai taɓa jin Hausa ba. Haka ya daure har saura daƙiƙa takwas, 'yan Jidda na gaba da maki ɗaya, ƙwallo a hannun 'yan Makka.

Munzali ya ce, "Kunu!"

Shugaban kwalejin Jidda yana zaune a bayan Mukhtaru, yana kaɗa ƙafa. Samarin Jidda suka bi rububin zuwa dama, kamar yadda kowa ke yi shekara goma sha ɗaya. Mukhtaru bai san lokacin da bakinsa ya buɗe ba. Da Larabci ya ƙwala wa ɗan wasansa kira: "Marwan! Hagu, kusurwa!" Marwan ya juya, ya tare ƙwallon kafin ta kai hannun Nu'uman, aka busa tashi.

Assha! Ɗakin ya ɗauki sowa, ana rungumar Mukhtaru, ana ɗaga hannunsa, shi kuwa ji yake kamar ƙasa ta tsage ya shige. Nu'uman na nan tsaye a kusurwar, hannuwansa a buɗe har yanzu, ya zuba masa ido. Bai zage shi ba. Mutanen Mansur ma ba wanda ya yi ihu, suka tattara takalmansu suka nufi bas.

Mukhtaru ya ci kofin bayan kwana biyu, kuma har yau bai shigo da shi Makka ba. Wata biyu yana zuwa gaida Inna Shatu ta bayan layi, kansa a ƙasa, mutum mai wannan tsayin yana raɓe-raɓe a jikin bango. Ran nan ta ce masa, "Ashe haka ka yi? Munzali ya mai da sunayen dabarun ɗaya, biyu, uku, da Larabci. Jikan ƙawata Asma, ɗaya daga cikin samarin naka, ya ce shi ya bar Hausa, tunda ba ta riƙe sirri." Kunya ta hana shi cin abincin da ta zuba masa.

Wata Juma'a ya yi ta maza ya biyo ta babban titi. Nu'uman na tsaye a tukubar babansa yana barbaɗa yaji. Mukhtaru ya tsaya, ya ce, "Nu'uman, ina wuni? Na zo ne in ce ka yafe mini."

Nu'uman ya goge hannu, ya miƙa masa da ladabi, har da ɗan murmushi. Ya yi masa maraba, ya tambayi lafiyarsa da ta mutanen Jidda, ya ce ai wasa ne, ba komai. Ya naɗe masa tsire mai zafi a takarda ya ba shi. Duk da Larabci ya yi, tun daga farko har ƙarshe, irin wanda ake yi wa baƙon da ya sauko daga mota.

Mukhtaru ya sake gwadawa: "Ya Baba? Ya jiki?"

"Alhamdu lillah, ya Kabtin," in ji Nu'uman da Larabci, ya juya ga mai saye na gaba.

Har yanzu Mukhtaru yana Jidda, yana cin wasa, ana yabon sa a can. Duk Juma'a yakan tsaya a tukubar nan ya yi gaisuwa da Hausa, a amsa masa da Larabci, ya karɓi tsirensa ya wuce. Shekara biyu ke nan, bai fasa zuwa ba.